Masakin Iya Tabawa

Duk ƙarshen wata ana kawo mini ɗalibai a zauren baje kolin zane na gwamnati da ke nan Dutse, wai in nuna musu yadda ake ɗinke ƙwarya. Kusan kullum sai an sami wanda zai ɗauki fasasshiya, ya juya ta, ya ce ai wannan huji ne da zare kawai. Ba na musu da shi. Sai in miƙa masa tsinke in koma gefe. Kafin in gyara zama, tsagin da bai fi tsawon yatsa ba ya kai gindi, yaro ya tsaya riƙe da ɓari biyu yana duban abokansa. Daga nan ne ake fara saurarona. To ku da kuke ganin aikin gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, wasa ne, ga abin da na sani a kansa, har da yadda aka yi tsoho irina ya shigo wannan ɗaki mai tayil da na'urar sanyi.

Aikina na farko ƙoƙon shan ruwa ne na gidan Kawu Ɗanjuma, ƙanin mahaifiyata, a Jahun. Shi ya koya mini sana'ar. Bai ba ni ƙwaryar kowa ba sai da na lalata duk ƙoƙunan gidansa, matarsa tana mita yana yi mata dariya. Kayan aikin ba su cika jakar fata ɗaya ba: tsinken ƙarfe siriri da mai kauri, 'yar wuƙa, dutsen wasa ta, ɗan curin auduga, sai meɗi, wato saiwar kaba da ake jiƙawa a tsaga ta zama zare. Abin da ake fara yi shi ne a nemo inda tsagi ya tsaya a huda nan, don kada ya ci gaba da gudu. Sannan a jiƙa ƙwaryar ta yi laushi. Huji ana yin sa biyu-biyu, a karkace, ba a miƙe ba, kuma daga ƙasa ake tasowa zuwa baki. Ƙulli yana waje. Ciki kuwa sai ya yi sumul, domin in ka bar wa fura wurin maƙalewa, kwana biyu ƙwarya ta yi tsami, mai ita ta bi ka da baƙar magana har kasuwa.

In ka gama, ba kai za ka ce ka gama ba. Mai ƙwarya za ta cika ta da ruwa, ta ɗaga ta sama da kanta, ta tsaya tana duban gindin. In ɗigo ya faɗo mata a goshi, ka koma ka zauna.

Akwai wata al'ada ta Kawu da na gada, ku riƙe ta, don a kanta labarin nan ya juya. Yana yawo da lafiyayyun ƙorai a rataye a bayansa. In aiki babba ne, irin wanda sai ƙwarya ta kwana a ruwa, sai ya tafi da ita gida, ya bar wa matar ɗaya daga cikin nasa ta riƙa amfani. Ƙwaryar aro ke nan. Ranar da ya dawo da tata, za ta fito da aron a wanke tas ta miƙa masa. Ban taɓa jin aro ya ɓata ba, ban kuma taɓa jin an sayar wa gyartai ƙwarya ba. Duk abin da mace ta sa a hannunmu na gyara ne, zai dawo.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Matan Fulani masu nono a kasuwar Jahun ba sa jira, a tsaye suke a kanka, kuma sun fi ka sanin ƙwarya. Matan manoma ba sa gaggawa, su ba ka fura ka sha, su biya ka da kwanon gero bayan kaka. A gidajen malamai ba ka ganin mai kaya, a zaure kake zama wata tsohuwa ta riƙa fito maka da su ɗaya-ɗaya. Cikin duk waɗannan, wadda na fi daɗewa da ita ita ce Iya Tabawa, a wani ƙauye gabas da Jahun. Tana da wani masaki, babbar ƙwarya ce da mutum ba ya rungume ta da hannu biyu, wanda ta gada daga mahaifiyarta. Ba a dama fura a cikinsa, ba a wankin hatsi. Aikinsa ɗaya: duk jaririn da aka haifa a zuriyar nan, a cikinsa ake yi masa wankan farko. Akwai ɗinkin Kawu a jikinsa, akwai nawa biyu. Ya yi ja kamar an shafa masa man ja, don tsufa da hannuwa.

Shekarar da ta karya mu ita ce shekarar da ruwa ya ci gonakin fadama, duma bai yi ba, robar Kano kuma ta cika kasuwa da arha. Wadda ƙwaryarta ta fashe sai ta jefa wa kaji su sha ruwa, ta sayi roba. Na sha wuni ina zaga ƙauyuka ina kiran "Gyartai!" ba wanda ya leƙo. Kawu ya riga ya rasu, bai ga wannan ba. Abokan sana'a wasu suka koma dako, wasu suka tafi kudu. Ni na tattara na dawo unguwar Takur a nan Dutse, na kafa 'yar rumfa kusa da famfon da 'yan garuwa ke ɗibar ruwa, na koyi liƙin jarka da bokiti da wuƙa mai zafi. Aiki ne mai wari, kuma ba ya son gwaninta: ka narka, ka danna, ka karɓi abinka. Da shi na ciyar da gida shekaru masu yawa. Jakar Kawu tana rataye, sai jefi-jefi in wata tsohuwa ta aiko.

A rumfar nan wata mata ta same ni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Malama Rabi, mai zane ce, an ce mata ni ne na rage cikin masu ɗinkin meɗi. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Zauren na gwamnati ne, kowa na iya shiga kyauta, amma ba shi da abin yin manyan ayyuka. Don haka kamfanoni ke ɗaukar nauyi: su zaɓi mai zane, su biya a yi wani babban abu da zai cika ɗakin, a sa sunansu a ƙofa, a gayyato manya da 'yan talabijin. In wa'adin nunin ya cika, aikin na kamfani ne, su kwashe su kai babban ofishinsu. Ita abin da take so ta yi shi ne ta cika rufin zauren da tsofaffin ƙorai ɗinkakku, a rataye, mutum ya shiga ya ɗaga kai ya gan su. Na tambaye ta wane kamfani ne. Ta ce na robobi ne. Na yi dariya har na ƙona yatsa da wuƙar liƙi. Na ce mata ba komai, dama robarsu nake ci tun tuni.

Aikin tara ƙoran kuwa, kamfani ne ya tsara shi. Suka ba da mota cike da baho da kwanukan roba masu sunansu, da lasifika, da wani wakilinsu mai suna Malam Nura, yaro mai ladabi wanda wayarsa ba ta hutawa. Lasifikar na cewa a kawo tsohuwar ƙwarya a karɓi sabuwar roba. Fitar farko ba da ni aka yi ba, aka dawo da tarkacen sakaina da kaji suka gama da su. Malama Rabi ta duba ta ce waɗannan ba su ɗinkuwa, sai dai Baba, ni ke nan, ya bi motar ya riƙa zaɓa. Haka aka yi. Duk ƙauyen da muka shiga, sai in shimfiɗa tabarma a gefen motar, in ajiye jakar Kawu a gabana. Da mata suka gan ni, sai suka koma cikin gida suka fito da na kirki: ƙoran aure masu zane, ƙoran nono, masakai. Malama Rabi har rawar jiki take don murna. Malam Nura ya ce Baba na da farin jini. A ƙauyensu, Iya Tabawa ta zo da masakinta a kai, da sabon tsagi a baki. Ta sa mini shi a hannu, ta ce in lallaɓa shi. Na ce in sha Allahu. Aka miƙa mata baho shuɗi, ta juya.

Ɗinkin ya ci mini kaka gaba ɗaya, a wani ɗaki da ke bayan zauren. Nan na ga yadda ake ja-in-ja tsakanin mai zane da mai ɗaukar nauyi. Kamfani ya ce a yi ɗinkin da zare shuɗi, launinsu. Malama Rabi ta ce sai meɗi. Aka yi ta waya, daga ƙarshe na bakin ƙofa, waɗanda kyamara za ta fara ɗauka, na yi musu da zaren buhu shuɗi, na ciki da meɗi. Sai maganar rataya. Kowace ƙwarya sai an huda gindinta an zura waya. Kafintocin zauren suka gwada da injin huji, suka tarwatsa uku nan take, sai aikin ya dawo hannuna. Na riƙa gasa tsinke mai kauri a garwashi ina huda su a hankali. Masakin Iya Tabawa shi ya fi kowanne girma, shi aka sa a tsakiya, ƙarƙashin babbar fitila.

Gaskiya abin ya yi kyau. Ranar buɗewa an yi jawabai, an yanka kirtani, an nuna ni a talabijin da sabuwar riga. A jikin bango akwai allo da ke cewa kowace ƙwarya a nan daga hannun wata mata ta fito a ƙauyukan Jigawa, ƙasa da shi sunan kamfani da manyan baƙaƙe. Aikina bayan nan shi ne in riƙa hawa tsani da jiƙaƙƙen tsumma, domin na'urar sanyi tana busar da meɗi ɗinki ya saki. 'Yan makaranta da 'yan birni suna ta zuwa ɗaukar hoto.

Saura 'yan makonni a rufe nunin, wata safiya ina kan tsani, na ji mai gadi yana magana da wasu a ƙofa. Na leƙa. Motar haya ce ta sauke mata, kusan cike take da su, yawancinsu tsofaffi, kowacce da roba a kai. Iya Tabawa ce a gaba. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa ba wanda ya sa su, suka shigo, suka jera robobin a kan tayil, kowacce an wanke ta har tana ƙyalli. Sannan suka ɗaga kai. Sun daɗe a haka. Wata ta nuna da yatsa ta ce ga tata can, wata ta ce ga ta kishiyar uwarta. Na sauko na durƙusa na gaishe da Iya Tabawa.

Ta ce, "Sabo, mun ga shiru, aka ce kana nan. Ga aronka mun kawo. Sauko mana da namu."

A nan na gane abin da ya faru. Lasifika ta faɗi musaya, amma lasifika kullum tana faɗin wani abu, kuma ba su san ta ba. Abin da suka sani shi ne gyartai a kan tabarma da jakar Ɗanjuma, ya karɓi fasasshiya ya ba da lafiyayya. A wurinsu wannan ba shi da suna biyu. Shi ya sa suka fito da na kirki. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san in ƙoran nan suka tafi babban ofishin kamfani a Kano, ba ni ba shiga wani gida a ƙasar Jahun, kuma sunan Kawu ma ya ɓaci tare da nawa.

Aka kira Malama Rabi da Malam Nura. Shi Malam Nura ya tsugunna, ya yi musu bayani cikin girmamawa cewa musaya aka yi, an kuma sanar, kuma gaskiyarsa ce. Ya ce zai ƙara wa kowacce baho guda. Iya Tabawa ta bar shi ya gama.

Ta ce, "Ɗan nan, ba baho na rasa ba. Jikata Hauwa ta shiga watanta. Uwarta a masakin can aka wanke ta, ita ma haka. Shi na zo ɗauka."

Ya fita waje da wayarsa, ya daɗe. Ya dawo ya ce manyansa sun ce aikin guda ne, sun riga sun tanadi inda za a rataye shi, ba za a kai musu shi da giɓi ba. Ni ne na kawo shawarar da ta rage. Na ce tunda cika suke so, zan kawo wasu ƙoran a madadin na duk matar da ke son tata. Ya sake waya. Aka yarda, da sharaɗi ɗaya: ba abin da za a sauke sai an yi bikin rufewa, domin an riga an gayyaci baƙi. Malama Rabi ta roƙa a sauke masakin kaɗai. Aka ce ai shi ne a jikin katin gayyata. Na juya na ce wa matan su ɗauki robobinsu, aro bai ƙare ba, ni da kaina zan kai wa kowacce tata har ƙofar gida. Iya Tabawa ta ɗora bahonta a kai, ta sake duban masakin sau ɗaya, ta fita.

Aikin da ya biyo baya ban taɓa yin irinsa ba, ba na kuma fatan ku yi. Na je kasuwar Jahun na sayo sababbin ƙorai, Malama Rabi ta biya daga aljihunta. Sabuwar ƙwarya fara ce fat, ba mai ganinta ya ce ta tsufa. Na jera su a saman murhun gidana suka sha hayaƙi, na goge su da man gyaɗa da toka. Sannan na zauna ina fasa su. Ku sani fasa ƙwarya yadda za ta yi kama da wadda ta fashe da kanta ya fi ɗinki wuya. In ka buga ta da ƙasa tarwatsewa take yi. Sai ka sa ta a tsakanin gwiwa ka matsa a hankali har ka ji ta ce ƙas. Matata ta tsaya tana kallona, ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa zaton za ta ga wannan rana ba. Na fasa, na ɗinke, na huda. Malama Rabi ta ce a cire layin nan na allo da ke cewa kowacce daga hannun mace ta fito, don yanzu ba gaskiya ba ne. Malam Nura ya ce ba damuwa, dama sunan kamfani ake dubawa. Ta sa aka cire.

Washegarin rufewa muka sauke komai, muka yi musanye, mota ta tafi Kano da nata a cike. Saura hujin gindi. Tsagi ana ɗinke shi, huji kuwa ba shi da leɓe biyu da za a haɗa. Sai ka sassaƙa ɗan toshi daga sakaina daidai da bakinsa, ka naɗe da auduga, ka shafa ƙaro, ka danna, ka bari ya bushe a inuwa, sannan ka kankare cikin ya yi sumul. Da masakin na fara, amma ƙaro ba ya jin roƙo, kuma mai kaurin gindi irinsa sai da na sake toshin sau biyu kafin ya kama.

Na ɗaure shi cikin zane na hau mota zuwa Jahun, daga nan na hau babur. Ina shiga zauren gidan na ga fatar rago a shanye, an kafe ta da tsinke tana bushewa. Na san an riga an yi suna. Aka yi mini iso. A ƙofar ɗakin mai jego ga shuɗin bahon nan, da 'yan tsummokaran jariri a jiƙe a ciki. Na yi barka. Iya Tabawa ta amsa, ta ce namiji ne, an sa masa sunan mijinta, kakan Hauwa.

Ta kwance zanen, ta shafa masakin ciki da waje, yatsanta ya tsaya a kan toshin. Ta sa aka cika shi da ruwa. Ba ta da ƙarfin ɗaga shi yanzu, sai ni na ɗaga mata sama da kanta, ta tsaya a ƙasa tana duban gindin. Na daɗe riƙe da shi a sama, ba ta ce in sauke ba. Ko ɗigo bai faɗo ba. Ta ce aiki ya yi. Aka juye ruwan a gindin bishiyar lemo.

Sai ta aika a kawo mini arona. Daga cikin ɗaki uwar Hauwa ta ce don Allah a bar musu bahon, ya fi sauƙin ɗauka, kuma ba a tsoron ya fashe. Na ce ai dama nasu ne. Iya Tabawa ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi masakin.

Ta ce, "Bar musu. Akwai ƙusa a bangon ɗakina. Tunda ka iya rataya, rataye mini shi."

Ban yarda na sake huda shi ba. Na zauna a tsakar gidan na saƙa masa ragar igiya, na shiga na rataye shi a inda ta nuna. An yi haihuwa biyu a gidan bayan wannan. Duk lokacin da na bi ta ƙauyen nakan leƙa in duba ɗinkin, kuma yana nan daram, bai sake ganin ruwa ba.